Muryar Motar Sama'ilu

Iya Tasalla ba ta yi kuka ba da ta tarar da turakanta babu raguna. Ta tsaya da kwanon dusa a hannu tana kallon igiyoyin da aka yanke, sannan ta ce wa maƙwabciyarta kada kowa ya taka wurin, a kira mata Hamma.

Ragunan biyu su ne dukiyarta tun rasuwar mijinta, kuma Babbar Sallah ta ƙarato. Kafin rana ta ɗaga, rabin mutanen Kwarin Ɗinya sun taru a bayan dangarta.

Hamma dattijo ne, tsohon makiyayi da ya ajiye sanda ya zauna a gefen garin, tsakanin Babura da Kanya Babba. Duk abin da ya ɓace da ƙafa, shi ake kira. Ya zo ya tuɓe takalminsa, ya sunkuya, ya bi kofaton ragunan daga turke zuwa inda aka buɗe danga, daga nan zuwa gindin wata tsamiya a bayan gari. Jama'a na biye da shi a nesa kaɗan, kamar yadda aka saba.

A gindin tsamiyar sawu ya ƙare. Wurin tsakuwa ce, ba ta ɗaukar zanen taya. Amma mota ta tsaya a nan da injinta a kunne, domin ta bar tabon baƙin hayaƙi a ƙasa, kuma ba ta baya ba, inda hayaƙin mota ya saba fita. Tabon yana gaba, ƙarƙashin inji. Kusa da shi akwai ɗan guntun gwangwanin madara da ya ƙone, da waya a naɗe a jikinsa.

Hamma ya daɗe a tsugune. Ya so a ce shi kaɗai ya gani. Amma Maikasuwa dillalin dabbobi yana tsaye a kansa, ya ɗaure goshi da rawani saboda ciwon kai, ya kuma riga kowa magana.

"Wannan facin salansar Sama'ilu ne. Wa bai san shi ba?"

Babu wanda ya musa. Aka kawo ƙwarya aka kife a kan tabon da guntun gwangwanin, don kada iska ko ƙafa su ɓata shaida.

Sama'ilu direba kuwa mijin Ikilima ne, 'yar farin Hamma.

* * *

Motar Sama'ilu tsohuwar bas ce da ke jigila tsakanin Babura da Kazaure. A ƙarƙashinta akwai wata gaɓa mai saƙar waya da ke haɗa inji da bututun hayaƙi, wadda masu walda ke ce wa fileksibul. Ta daɗe da fashewa. Sama'ilu ya yi ta naɗe ta da gwangwani da waya, facin na faɗuwa yana sake wani, motar kuwa na ruri kamar za ta tsaga gari. Mutane suka sa mata suna 'Yar Aradu. Mata kan ɗora tukunyar tuwo idan sun jiyo ta daga kan kwalta, su ce Sama'ilu ya dawo, magariba ta yi.

A zauren mai unguwa aka saurari shaidu. Ladan ya ce yana alwala kafin kiran farko ya ji 'Yar Aradu ta bayan gari, kuma zai iya dafa Alƙur'ani a kan haka. Mai ƙosai ta ce ita ma ta ji. Wani maƙwabcin Sama'ilu ya ƙara da cewa jiya ma Sama'ilu bai kwana a gida ba, domin har ya yi barci bai ji shigowarsa ba, shi da ko tari aka yi a lungun sai ya ji.

Hamma ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya ko sun ga motar da idonsu. Ladan ya ji haushin tambayar. Ya ce ai ba sai ya ga jakinsa ba kafin ya san kukansa.

Mai unguwa ya yanke abin da aka gada. Sawu ya shiga gidan Sama'ilu. Babu mai fita daga gidan, babu mai shiga sai mai bin sawu. In Hamma ya fitar da sawun daga gidan kafin faɗuwar rana, an wanke mai gida. In bai fitar ba, a miƙa Sama'ilu ga 'yan sintiri su tambaye shi. Kowa a zauren ya san ɗakin da suke yin tambayar, ya kuma san Ma'u mai faci, wanda ya shiga da ƙafafunsa bara, yanzu da sanda yake tafiya.

Hamma ya roƙi a nemo wani mai bin sawu daga Babura. Mai unguwa ya ce shi ya fara, shi zai ƙarasa.

* * *

Hamma bai taɓa shiga gidan Sama'ilu ba. Tun da aka kai Ikilima, iyakarsa bakin lungu, ya aika a gaishe ta. Sunanta ma bai taɓa kama shi da bakinsa ba, don kunyar 'yar fari. Yanzu ga shi a ƙofar, 'yan sintiri biyu zaune a kan benci da gora a cinya, jama'a sun cika lungun har iska ba ta wucewa.

Bas ɗin na tsaye a jikin katanga. Hamma ya kwanta a ƙasa ya leƙa ƙarƙashinta, inda ƙafar kowa ba ta kai ba. Ya ga shatin tsintsiyar yamma. A kan shatin akwai zanen taya, shiga kawai, babu fita. A kan zanen tayar kuma bushiya ta ratsa da 'yan ƙafafunta, tururuwa sun tara ƙasa a jikin tayar baya. Motar nan a gida ta kwana.

Ya tashi ya faɗa. Sai Maikasuwa ya matse idanunsa da suka yi ja, ya ce cikin ladabi ai ba a ƙi ta Baba Hamma ba, amma bushiya ba ta zuwa gaban mai unguwa ta yi rantsuwa, kuma kowa ya san abin da ke tsakanin mai bin sawu da mai motar. Wasu suka yi dariya. Hamma ya ga idonsa, wanda garin ya yarda da shi shekara da shekaru, yau bai da amfani a wannan ƙofa.

Aka fito da Sama'ilu bakin zaure. Ya durƙusa ya juya gefe, don ba ya haɗa ido da surukinsa. Ƙasa yake kallo yana magana. Ya ce jiya da yamma ya tsaya a rumfar Ukasha mai walda a bakin kwalta, aka yanke masa tsohuwar gaɓar aka sa wata. Shi ya sa ba a ji shigowarsa ba. In ana so a tayar da motar a ji.

Aka tayar. Injin ya kama a hankali, kamar mai numfashi cikin barci. Mutane suka kalli juna. Ɗaya daga cikin 'yan sintirin ya kwanta ya leƙa, ya taso da murmushi. Ya ce waldar ɗanya ce, ko tsatsa ba ta yi ba. Wato bayan ya kai ragunan ne ya je aka toshe wa motar baki. Ga kuma kashin tumaki a bayan kujeru.

Sama'ilu ya ce wace bas ce a hanyar Babura babu kashin tumaki a cikinta. Babu wanda ya saurare shi.

* * *

Ikilima ta tsaya a bayan labulen zaure, Hamma na waje. Bango yake yi wa magana, ita kuma ta amsa wa labule. Ya tambaya ko mai gidan ya fita da dare. Ta ce bai fita ba. Muryarta ba ta rawa, amma yana ganin yatsunta sun damƙe gefen labulen.

Ta ce abin da ya sa ta tabbata shi ne jiya ne karon farko da ya ci tuwo ya ƙoshi. Tun da gaɓar nan ta fashe hayaƙi ke shiga cikin motar ta ƙarƙashin kujera. Kullum da ciwon kai yake dawowa, ido ja, zuciya na tashi, ko da ya sauke gilasai duka. Ran da aka yi ruwa ya rufe gilas daga Kazaure, sai da ya yi amai a ƙofar gida. Jiya daga rumfar walda kawai ya tuƙo, ya zauna sun yi hira, ya kwanta lafiya.

"Baffa," ta ce, "ruwan randarmu ya ƙare. Sun hana a ɗebo."

Hamma ya juya ya roƙi 'yan sintirin su bar mai ruwa ya shiga. Suka ce umarnin mai unguwa ne. Ya tsaya kaɗan a cikin rana, ba abin da zai iya, sannan ya kama hanyar kwalta.

* * *

Rumfar Ukasha na wajen gari, langa-langa ce a kan itatuwa, da janareto da tarin ƙarafa. A bayanta, ƙarƙashin dalbejiya, akwai wata bas irin ta Sama'ilu, ƙura ta rufe ta, an tare tayoyinta da duwatsu. Ta Maikasuwa ce. Tun damina take nan, yana cewa giya ta lalace sai ya samu hali.

Jama'a sun biyo Hamma har nan. Ukasha ya ɗaga baƙin gilashinsa ya ga yawansu, ya ga gorori, ya ga Maikasuwa a gaba. Da aka tambaye shi, ya ce shi rabonsa da fileksibul tun watan jiya, kayan Kano ba su zo ba, kowa na iya bincika rumfar. In babu kaya, da me zai gyara motar Sama'ilu?

Aka bincika, babu. Tsohuwar gaɓar Sama'ilu ma, wadda ya ce an yanke a nan, ba ta cikin tarin ƙarafan. Wani ya ce to ga ƙarya ta fito. Suka juya gari suna magana da ƙarfi, rana ta fara karkata.

Hamma bai bi su ba. Ya ce zai yi la'asar a nan. Ya ari butar Ukasha ya zaga bayan rumfa.

Bayan ya idar ya zauna a inuwar dalbejiyar, bayansa jingine da itacen, yana tunanin ɗakin 'yan sintiri da randar da babu ruwa. Idonsa ya sauka a kan dutsen da ke tare tayar gaba. Dutsen da ya kwana watanni a wuri ɗaya yakan yi wa kansa gurbi. Wannan gurbinsa na nan a gefe, da ɗan faɗin tafin hannu, shi kuma yana zaune a kan sabuwar ƙasa.

Ya rarrafa ya leƙa ƙarƙashin bas ɗin. A kan busassun ganye, daidai ƙarƙashin inji, akwai tabon baƙin hayaƙi. Ya shafa da yatsa, ya kama masa hannu. Ya ɗaga kai. Gaɓar da ke sama da fuskarsa a fashe take, saƙarta ta tsefe, ga sauran waya a naɗe, da rabin gwangwanin madara.

Ya fito ya tarar da Ukasha tsaye da buta a hannu, yana kallonsa.

Hamma bai ɗaga murya ba. Ya ce shi ba ya bin sawun ƙarfe, na raguna yake bi, amma yana son ya san yadda aka yi. Ukasha ya tsuguna. Ya ce haka suke yi, duk masu walda haka suke yi. In mai mota ya matsu kuma babu kaya, sai a yanko daga motar da ke kwance, a liƙa mata tsohon don kada a ga gurbi, in kaya sun zo a mayar. Sama'ilu ya tafi masallaci lokacin, bai ga komai ba. Maikasuwa kuma bai sani ba. Shi ya ɗauka motar matacciya ce, wa zai ji muryarta? Da ya ga mutane da gorori suna neman ɓarawo, ga mai motar a gabansu, sai bakinsa ya ƙi.

"Za ka faɗa a gaban mai unguwa?"

"Baba, za su ce ni ma ɓarawo ne."

"Za su ce. Amma kai da ƙafarka za ka koma gida."

* * *

Mai unguwa bai so fitowa ba, amma al'ada ce in mai bin sawu ya ce a zo a gani, a zo. Hamma ya nemi a taho da Sama'ilu, da ladan, da mai ƙosai, da maƙwabcin nan, da Iya Tasalla, a kuma ɗauko guntun da ke ƙarƙashin ƙwarya. Rana ta yi ja lokacin da suka taru a bayan rumfar. An ɗaure hannun Sama'ilu da igiyar ragon da aka yanke.

Hamma ya ce ba zai ba da shaida ba, tunda an ce idonsa na suruki ne. Da kunne aka kama Sama'ilu, to kunne zai tambaya. Ya roƙi ladan da mai ƙosai su juya baya su rufe ido. Sannan ya tambayi Maikasuwa yaya kan nasa. Maikasuwa ya ce da sauƙi, zafin rana ne. Hamma ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya kuma roƙe shi makullin motarsa.

Maikasuwa ya yi dariya. Ya ce makulli ya ɓata tun tuni, batir ya mutu, giya ba ta shiga. In Baba na son ya ceci surukinsa ya nemi wata hanya, ba mushen mota ba.

Ukasha ne ya buɗe ƙofar. Ya jawo wayoyi biyu daga ƙarƙashin sitiyari ya haɗa. Ko turawa ba a yi ba. Bugu ɗaya injin ya kama, rurin ya daki langa-langar rumfar, tsuntsaye suka watse daga dalbejiya, baƙin hayaƙi ya turnuƙo ta tsakanin tayoyin gaba.

Ladan, idonsa a rufe, ya ɗaga hannu ya yi magana da ƙarfi don a ji shi.

"Ita ce. Wallahi ita na ji. Motar Sama'ilu ce."

Mai unguwa ya ce masa ya juyo ya buɗe ido. Ya juyo. Ya kalli motar, ya kalli Sama'ilu a ɗaure.

Da aka kashe injin Ukasha ya faɗi abin da ya yi, kansa a ƙasa. Ɗan sintirin da ya leƙa motar Sama'ilu da safe ya karɓi guntun gwangwanin ya shiga ƙarƙashin motar Maikasuwa. Da ya fito ya ce ya zauna daidai da rabin da ke jiki, har rubutun madarar ya haɗu.

Hamma ya ce wanda ya ajiye mota a matsayin matacciya, don shirunta ya ajiye ta, ya riƙa fita da ita da dare ba a ji ba. Yau da ya tayar da ita ta yi masa ihu da muryar wani. Yana iya kashewa ya koma gida, amma ya ga muryar ta fi shirun amfani. Sai dai ya rufe gilasai don kada a ji kukan raguna, bai san abin da Sama'ilu ya sani game da hayaƙin nan ba, shi ya sa ya kwana da ciwon kai da jan ido.

Iya Tasalla ta matsa gaban Maikasuwa. Shi ne yake sayar mata da dusa, shi ne ya zo makon jiya ya shafa bayan ragunan ya ce kada ta yi gaggawar sayarwa. Ba ta zage shi ba. Ta tambaye shi kawai ko ya ba su ruwa.

Ya zauna a ƙasa ya dafe kansa. Ya ce suna wani kango a hanyar Kanya Babba. Jiri ne ya hana shi kai su iyakar ƙasa.

'Yan sintirin suka gyara riƙon gororinsu. Hamma ya dubi mai unguwa ya ce sawu ya fita daga gidan Sama'ilu, kuma yana roƙon kada ya shiga ɗakin nan. A kai Maikasuwa Babura wurin hukuma. Mai unguwa ya ce a yi haka. Ladan da kansa ya kwance igiyar hannun Sama'ilu, yana kwancewa yana neman gafara, ƙullin ya ƙi, sai da ya sa haƙori.

* * *

An ɗauke bencin daga ƙofar gidan. Mai ruwa ya shiga ya fito. Lungun ya koma lungu, kaji na tono a inda mutane suka tsaya.

Hamma ya rako Sama'ilu har bakin zaure ya tsaya a inda ya saba tsayawa, sannan ya ƙara taku biyu. Labulen ya motsa. Hannu ya fito da kwanon sha cike da ruwa. Bai taɓa cin komai na gidan ba, bai taɓa sha ba. Ya karɓa, ya tsuguna, ya shanye.

Ya ajiye kwanon ya fuskanci bango.

"A gaya wa mai gidan nan," ya ce, "daga yau in ya shigo gari ya riƙa danna hon. Mutanen nan in ba su ji mutum ba, ba sa ganinsa."

A bayan labulen Ikilima ta fara dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Hamma bai tafi ba. Ya zauna a dakalin ƙofar har ladan ya kira magariba, da muryar da ba ta kai ta kullum ba.